Libarba a Tabarmar Arɗo

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Nasiru ba, ko na so in manta ma dangi ba za su bar ni ba. Gara in ba da labarin da bakina, don wanda ke yawo a garinmu an riga an ƙara masa gishiri, har akwai masu rantsuwa cewa suma na yi. Ban suma ba. Na dai kusa.

Ni malamin wasanni ne a wata sakandare da ke tsakanin Kura da Bunkure, irin makarantar nan da in ka leƙa ta taga ba abin da za ka hango sai shinkafa. Ina da ɗan fegin shinkafata ni ma, kuma duk mai noman rani ya san zaman jiran ruwa: ka je ka tsugunna a bakin kwata kana jiran na sama da kai ya gama ban ruwa ya sako maka. A irin wannan zaman ne na kamu da ciwon kallon bidiyon ƙananan bindigogi a waya. Wani Bature mai jan gemu na fara cin karo da shi, ya jera libarba iri-iri a kan tebur yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallan agogo. Kafin shinkafar ta yi ciki na zama gwani (a baki, ina nufin).

Na san wadda aka ƙera da ƙarfe mara nauyi don a riƙa yawo da ita a aljihu. Na san cewa mara nauyin ta fi girgiza hannu in an harba. Na san wadda aka rufe mata ƙeya don kada ta maƙale a tufafi. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne kwatanta kamfanoni: wannan tsohon kamfani ne, kayansa da tsada amma ba sa ƙin tashi, wancan nasa sun ɗan fi nauyi amma har jikoki sa gada, na ukun kuwa araha gare shi, sai dai sa'a ce, wata ta yi maka shekaru lafiya, wata ta ba ka kunya tun ranar farko. Duk wannan karatun, abin da na taɓa harbawa a rayuwata bai wuce danƙo ba. Na kuma san sarai doka ba ta yarda irina ya mallaki irin wannan abu ba, ban ma taɓa sha'awar mallaka ba. Surutun kawai nake so.

Abokan aikina a ɗakin malamai su suka sha wahalata. Da an zauna shan shayi sai in ɓaro zancen. Malam Sabo, malamin lissafi, shi kaɗai ke iya taka min burki. Sai ya bari na yi nisa, sannan ya ce, "Wai Malam, ka taɓa riƙe ta kuwa?" Ni kuma in ce masa likita ba sai ya yi ciwon ba yake sanin maganinsa.

Da wasannin shekara suka matso sai na ga dama ta samu. Shekara da shekaru da usur muke tashin 'yan gudu, ni kuwa na dage wa shugaban makaranta cewa an daina wannan, duk makarantar da ta san ciwon kanta bindigar tashin gudu take amfani da ita. Na dame shi har ya gaji ya ce in je in sayo. Na shiga Kano, wani shagon kayan wasanni, mai shagon ya fito min da iri uku. Bawan Allah ya buɗe baki zai yi min bayani, na tare shi na yi masa lacca a kan kayansa. Na zaɓi wadda ta fi kowacce rashin nauyi, baƙa wuluk, 'yar ƙarama, da ɗan tulunta mai juyawa kamar ta gaske. Bakinta a toshe yake, harsashinta kuma ƙara da hayaƙi kawai yake yi, babu dalma a ciki. Amma in ka hango ta daga nesa, wallahi sai ka rantse ta kisa ce.

Ranar wasanni ta fitar da ni kunya. Duk lokacin da na ɗaga hannu na ja kunamar sai ka ji tau, yara su zabura. Ko sau ɗaya ba ta ƙi ba. Na riƙa takawa a filin nan ina hura hanci, ina waiwayen Malam Sabo. Da aka tashi, maimakon in mai da ita ofis, sai na ce bari in tafi da ita gida in goge ta (ƙarya nake, so nake in ƙara kallonta).

To, bari in koma kan Nasiru, don shi ne mai abin asara a labarin nan. Nasiru manomin tumatir ne a wajen Kadawa, yaro mai kunya, in yana magana sai ka matso. Ya ga Hindatu, 'yar Arɗon wata ruga da ke ƙetaren babbar kwata, ta gama makarantar kiwon lafiya tana aiki a ƙaramin asibitin yankin. Suka daidaita. Ana cikin shirin kai gaisuwa sai aka samu matsala da rani: shanun rugar suka faɗa wa tumatirin mutanen garinmu, samari suka yi ca, aka ba hammata iska. Aka fasa wa Buba, yayan Hindatu, kai, mu ma aka karya wa wani namu hannu. Manya sun shiga tsakani an sasanta, amma irin sulhun nan ne da ake gaisawa ba a haɗa ido. Maganar auren ta kusa rushewa. Nasiru ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu wanda ya riƙe mu tun rasuwar Baba, shi ya yi ta safa da marwa zuwa rugar nan a kan tsohon babur ɗinsa har Arɗo ya sauko. Sharaɗi ɗaya aka yi, kuma kowane ɓangare ya amince: ranar ɗaurin aure ba mai zuwa da sanda, ba mai zuwa da wuƙa, ko ta yankan rake ce.

Da safiyar ranar ina saka kaftani sai maiɗakina Hajara ta shigo riƙe da bindigar da yatsu biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera. Ta ce, "Abban Walida, don girman Allah ka fitar min da abin nan daga gida. Yanzu na tsince ta a ƙarƙashin filo, yara na shiga suna fita." Na ce ta kawo, gidan shugaban makaranta a kan hanya yake, zan sa a tsaya in miƙa masa. Na jefa ta a aljihun kaftani na dama, na zura babbar riga a kai. A wannan aljihun dai na sa ambulan ɗin sadaki, wanda Baffa ya damƙa min da kansa yana cewa, "Kai za ka riƙe, ka fi su nutsuwa."

Baturen nan mai jan gemu ya sha faɗa cewa bindigar aljihu ta ƙwarai ita ce wadda za ka manta kana ɗauke da ita. To, ina mai shaida masa gaskiya ya faɗa. Motoci suka fara oda a ƙofar gida, aka shiga neman wanda ya ɗauki goro, aka bar alewa a zaure sai da aka koma, muka wuce gidan shugaban makaranta ban ko waiwaya ba. Abin da ya fi ci min rai in na tuna shi ne, a cikin bas ɗin ni na miƙe na yi wa samari wa'azi. Na ce yau ranar mutunci ce, duk wanda ya san yana da wani ƙarfe a jikinsa ya fito da shi. Har na ƙwace wa wani ɗan gwaggonmu abin yanke farce na ba direba ya ajiye, ina yi masa faɗa a gaban mutane.

Da muka isa rugar, abin da na fara gani ya sa jikina ya yi sanyi. A gindin wani gawo, can nesa da wurin zama, an tara sanduna tsibi guda. Wanda ya san Bafulatani ya san abin da ake nufi da ya ajiye sandarsa ya taho hannu sake. Sun cika alkawari. An shimfiɗa tabarmi a inuwar tsamiya, dattawa a tsakiya, samarinsu a tsaye ta baya a gefe guda, namu a ɗaya gefen, da fili a tsakaninsu wanda ba mai son takawa. Na hango Buba da tabon nan a goshi, ya harɗe hannu a ƙirji. Ni kuma, da yake ni ne mai nutsuwa, aka zaunar da ni a gaba, kusa da Baffa, muna fuskantar Arɗo. Dogon dattijo ne siriri, mai farin gemu, ba ya ɗaga murya.

Liman ya yi addu'ar buɗewa. Baffa ya nemi auren, waliyyin amarya ya ce ya bayar. Aka zo kan sadaki, Baffa ya juyo ya ce, "Malam, miƙo." Na ɗaga babbar riga da ƙasaita, na cusa hannu, na jawo ambulan. Ita kuwa baiwar Allah bindigar nan ashe ta maƙale a bakinsa. Ta biyo shi, ta kuɓuce, ta faɗi a kan tabarma, ta ɗan sulale, ta tsaya a gefen tiren goro, bakinta na kallon gwiwar Arɗo.

Maroƙin da ke ta zuba tun isowarmu ya haɗiye sauran maganarsa. Na ji gumi ya karyo min tun daga tsakar ka. Na ga liman ya janye ƙafarsa a hankali. Na ga Buba ya sauke hannuwansa, ya waiwaya wajen gawon nan. Samarin da ke can baya ba su ga abin da ya faɗi ba, sai ɗaga wuya suke suna tambayar juna.

Mai hankali zai bar ta a inda take ya yi bayani. Ni kuwa sai na kai mata wawura don in ɓoye, kamar akwai sauran abin ɓoyewa. Garin gaggawa yatsana ya faɗa kan kunamar, na matse. Na ji ɗan tulun ya juya. Sai ta ce ƙas. Shi ke nan abin da ta ce, ƙas, kamar an karya tsinken sakace. A cike take da harsashi, ni na cika ta da hannuna bayan wasanni, amma ta ƙi tashi.

"Inna lillahi!" in ji Baffa, da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba. "Kai, mene ne wannan?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ta makaranta ce, Baffa. Ta yara ce. Wallahi ta tsere ce, ba ta mutane ba ce."

Arɗo ya miƙo tafin hannunsa kawai, na ɗora masa. Ya jinjina ta, ya juya ta, ya kai bakinta saitin idonsa ya leƙa (a nan ne na kusa suman da ake faɗa). Ya ɗan jima yana kallo. Sannan ya ɗaga ta sama yadda na baya za su gani, ya ɗaga muryar da ba ya ɗagawa, ya ce, "Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Abin wasan yaran makaranta ne, bakinsa ma a liƙe yake. Malamin makaranta ya taho da kayan aikinsa, ya ɗauka tsere za a yi a nan." Wani dattijo a gefensa ya yi 'yar dariya, wani ya karɓa, dariyar ta bi layi har ta kai baya. Arɗo ya ce, "Ko nauyin ludayi ba ta kai ba. Buba, zo ka gani." Buba ya tako a hankali, ya leƙa, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya koma inda yake. Bai yi dariya ba, amma bai ƙara waiwayen gawon ba.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya san irin mutumin da ke ba shi labari. An cece ni, an rufa min asiri, abin da ya rage in sunkuyar da kai in yi shiru. Amma da na ji an ce abin wasa, sai wani abu ya motsa a raina. Na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai ba wasa ba ce sosai, kamfanin da ke yin ta ma yana cikin waɗanda kayansu ba sa ƙin..." Ban ƙarasa ba Baffa ya kama naman cinyata ta ƙarƙashin riga ya murɗe. Rabon da ya mintsine ni tun ina firamare. Shatin ya yi kwanaki bai baje ba, kuma na cancanci fiye da haka.

Arɗo ya ɗaga gefen buzun da yake zaune a kai, ya tura ta ƙarƙashi, ya gyara zama. Ya ce, "Liman, a ci gaba. Ina sadakin?" Ashe ambulan ɗin yana hannuna na hagu, na cukuikuye shi, ya jiƙe sharkaf da gumi. Haka aka karɓa. Aka shafa fatiha, maroƙi ya samo muryarsa ya sanar an ɗaura. Na saci kallon Nasiru can cikin abokansa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Har yau ban tambaye shi ko kuka yake ko dariya ba.

Da aka kawo abinci na kasa ci. Na raɓe a gefe ina jiran a ce a tafi. Sai ga Buba da ƙwaryar fura da nono, ya dire a gabana, ya ce, "Malam, sha. Tun ɗazu ba ka sa komai a bakinka ba." Ya juya ya tafi. Ban taɓa shan furar da ta yi min daɗi ta kuma sa ni jin kunya kamar wannan ba.

Muna shirin shiga mota aka ce Arɗo na kira na. Na same shi shi kaɗai a bayan wata bukka, riƙe da 'yar ƙwarya an rufe da faifai. Na zube na fara ba da haƙuri, ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Malam, tashi. Na san ba da mugun nufi ka zo ba, mai mugun nufi ba ya zubar da kayansa a gaban liman. Amma bari in gaya maka abin da ya tsaya min a rai. Ni ina kusa, na leƙa na ga bakinta a toshe. Yaran da ke baya, nawa da naku, da sun ji ƙara ba wanda zai tsaya leƙe. Nawa gindin gawo za su nufa, naku kuma su tsinci duwatsu. Allah ne ya riƙe ta." Ya miƙo min ƙwaryar. Man shanu ne a ciki, wai in kai wa maiɗakina, bindigar kuma an naɗe ta a leda an kwantar a gefe, don kada wani ya ga na fito da ita. Na rasa bakin godiya, sai "Allah ya ƙara girma" nake ta maimaitawa.

Washegari da hantsi na ɗauki babur zan kai ta gidan shugaban makaranta. A hanya, a bakin kwata inda ba kowa sai shinkafa, sai na ji ina so in sani. Na ce wataƙila lalacewa ta yi, wataƙila gumi ya jiƙa harsasan duka, ka ga ke nan ba wani hatsari aka tsallake ba, in samu in yi barci. Na tsaya, na ɗaga ta sama, na ja. Tau! Ƙarar ta doki kunnena ta bi kwata ta dawo. Tsuntsayen janbaki suka tashi daga shinkafa garke guda. Da na buɗe na duba, harsashi ɗaya tak ne ya mutu a cikinta, ga shatin duka a gindinsa, kuma shi ne wanda ya zo kan layi a gaban Arɗo. Na zauna daɓas a kan turɓaya, hawaye na zuba, na juya gabas na yi sujada a nan bakin ruwan. Wani manomi can cikin gona, da bai san abin da ake ciki ba, ya ɗago min hannu yana ihu, "Malam, mun gode! Ƙara musu ɗaya!"

Na miƙa wa shugaban makaranta ita, ban ƙara taɓa ta ba, yanzu Malam Sabo ke tashin 'yan gudu da ita. Hindatu tana ɗakinta, sun samu 'ya mace, kuma bana shanun Arɗo ne suka ci karmamin shinkafata bayan girbi, suka bar min taki. In wani ya tsokane ni ya ce, "Malam, wane kamfani ne ya fi?" sai in ce ya tambayi wanda ya sani. Abin da na koya bai da yawa: in laluba aljihuna kafin in laluba na mutane, in kuma an rufa min asiri in rufe bakina.

Akwai kuma mutum ɗaya da nake sakawa a addu'a wanda ban san sunansa ba, ban san ƙasarsu ba. Wani ma'aikaci ne a wata masana'anta, wanda wata rana ya yi sakaci, ko gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya bar harsashi ɗaya ya wuce ba a cika shi daidai ba. Na yi watanni ina kushe irinsa a ɗakin malamai. Allah ya yi masa albarka, ya sa kada maigidansa ya taɓa ganewa.